Kantin da Ba a Tayi

"...lafiya lau, Alhaji. Ina gajiyar tsufa?"

"Tsufa yana gidanku. Ke zan tambaya gajiyar barci. Tun asuba nake jin gurnani daga ɗakin baƙi, har na sa a duba ko wani ne ya tada janareto alhali akwai wuta."

"Naka minsharin ne ya bugi bango ya dawo maka. Ni ban ma runtsa sosai ba, ina gadin jakata. An gaya mini Bakano ko a cikin barci ciniki yake yi."

Wannan gaisuwa ta gudana ne a zauren Alhaji Sale mai goro, a Zangon Agege, da hantsin wata Asabar, shekara biyu bayan komawar mulki hannun farar hula. Mai gaisuwar jikarsa ce, Bilkis, 'yar babbar 'yarsa, wadda take aikin jinya a wani asibiti a Zariya. Ta iso Ikko ranar Juma'a da yamma domin hutun ƙarshen mako, kuma za ta bi motar Arewa ranar Lahadi da safe. An sa bikinta bayan Babbar Salla. Mahaifinta ya rasu tun tana firamare, saboda haka Alhaji ya yi wa uwarta alkawari cewa kayan da za a fara nuna wa mata a ɗakin amarya daga hannunsa za su fito. Abin da ya kawo ta ke nan. Ni kuwa maƙwabcinsa ne, kuma tun da na bar aikin koyarwa a zaurensa nake shan hantsi.

"To, amarya," in ji Alhaji, "ashe da gaske kike za ki bar ni?"

"Na gaji da jira. Tun ina goye kake cewa za ka kawo sadaki, har yau ko ƙwaryar goro ban gani ba, kai kuwa a kan goron kake kwana."

"Wane ne ma yaron? Maimaita mini sunan. Jiya na kama farkonsa, ƙarshen ya tsere mini."

"Jamaluddeen."

"Wannan ai ba suna ba ne, tafiya ce. Kafin ki gama kiran sa cin abinci tuwo ya huce. Ni Sale, kina buɗe baki na amsa."

"Kana amsawa, amma kafin ka miƙe tsaye an kira la'asar."

"Kin ji ta, Malam? Kuskure ɗaya na yi a rayuwata, na ɗauki 'yata na ba Bazazzagi, Allah ya jiƙansa. Mutumin kirki ne, amma ga abin da ya bar mini." Ya jawo takalminsa da ƙafa. "Tashi mu tafi kasuwar Balogun. Akwai wata tsohuwar abokiyar cinikina, Iya Risika. Kwanukan samira ne da ita har rufin rumfa, masu furanni a murfi. In jere miki su bango guda, duk matar da ta shigo sai ta riƙe haɓa."

"Irin na ɗakin marigayiya Hajiya? Alhaji, soja ma sun koma bariki, kai kaɗai ka rage a zamanin da. Ni tukwanen gilashi nake so."

"Na me?"

"Na gilashi. Ana ɗora su a wuta a yi miya."

Alhaji ya juyo gare ni a hankali. "Ka ga abin da nake gaya maka game da Zagezagi. Karatu ya yi musu yawa har ya fara zuba ta kunne. Gilashi a wuta."

"Wata abokiyar aikina 'yar Ikko ce, a gidanta na gan su. Ita ta kwatanta mini kantin, can Tsibiri, gaba da Balogun. Ko a Kano babu irinsu."

"Abin da babu shi a Kano ba a ƙera shi ba tukuna."

"To zo ka ga wanda aka ƙera ba da izininku ba."

A ƙarshe aka shirya a kan cewa za a fara da kasuwarsa, sa'an nan a wuce kantinta. Ta tuna masa cewa kantin yana rufewa da wuri ranar Asabar, kuma ba ya buɗewa ranar Lahadi.

"Malam, sa takalminka," in ji shi. "Ba na fita da Bazazzagiya babu shaida."

Muka shiga danfo, ƙaramar motar haya ta Ikko, zuwa Oshodi, daga nan muka canja wata mai zuwa Tsibiri. Da motar ta hau doguwar gadar da ta ratsa ruwa, Bilkis ta dubi hagu da dama, ba ta ga gaɓa kusa ba, sai ta damƙe hannun rigar kakanta.

"Riƙe da kyau," in ji shi. "Ruwan da kuka sani na rijiya ne, shi ma sai an leƙa."

"Kai nake riƙewa. Iskar nan tana da ƙarfi, kai kuwa babu nauyi sai na rawani. In ta ɗauke ka, Umma za ta ce ni na yar da kai."

"Ni iskar Ikko ta san ni. Tun kafin a gina gadar nan nake tsallake ruwan nan."

"Da iyo?"

"Da huhun goro a ka."

"Shi ya sa goronka yake da gishiri."

Wanda bai taɓa shiga Balogun ranar Asabar ba, zai yi wuya a kwatanta masa ita. Titi ne, amma kaya sun cinye titin. Layin atamfa yana ƙarewa na leshi ya karɓa, na leshi yana ƙarewa na takalma da jakunkuna ya karɓa, kuma a saman kowace rumfa akwai bene, a kan benen akwai wasu rumfunan. Masu dako suna ratsawa da ɗaurin kaya a ka, ba sa neman hanya, sai dai hanya ta nemi tsira. Bilkis ta tsaya gaban wani leshi mai ruwan zuma ta shafa shi, ta ce shi za ta dawo ta saya na ranar walima, da kuɗin da ta tara. Alhaji ya ja ta gaba.

Iya Risika ta tarye shi da Yarbanci, ya amsa mata da shi kamar a Abeokuta aka yanke masa cibiya. Ta sa aka sauko da kwanuka, aka bubbuɗe. Bilkis ta yaba su cikin ladabi, amma ba ta taɓa ko ɗaya ba.

"To tunda amaryar tawa makauniya ce," in ji Alhaji, "bari in sayi fulas ɗin shayi, kada mu tashi hannu banza. Ke kuma buɗe ido ki ga yadda manya suke yi."

Ya ɗauki fulas ɗin ya jijjiga, ya kara shi a kunne, ya ce murfin ya karkace. Iya Risika ta rantse cewa daga jirgi aka sauke shi makon jiya. Ya taya. Ta dafe ƙirji, ta ce masa da Hausar da ta koya a bakin masu sayayya, "Albarka, Baba." Ya ƙara kaɗan. Ta ce albarka. Ya ajiye fulas ɗin ya gyara babbar riga ya kama hanya, bai yi nisa ba ta kira shi. Ya dawo yana ɗaure da fuska, ya ƙara wani abu.

"Na sallama," in ji ta.

"Allah ya ba mu alheri."

Ta ɗora masa ƙaramin kofi a kai a matsayin gyara, suka rabu kowa yana dariya.

"Kin gani?" ya ce wa Bilkis da muka fito. "Wannan shi ne saye. Kaya sun fita hannunta da yardarta, sun shiga nawa da tawa, kuma an yi musu addu'a. Tun kafin a haifi uwarki nake sayar da goro, ban taɓa ɗaga huhu ba sai na ji mai shi ya furta da bakinsa cewa ya sallama."

"Na gani. Ka ɓata mana rabin yini a kan fulas ɗin da murfinsa ya karkace."

"Murfin lafiyarsa ƙalau."

"Kai ka ce ya karkace. Malam shaida ne."

"Wannan maganar ciniki ce, ba a kai ta gida."

Kantin nata bene ne mai hawa uku, gabansa duk gilashi. Mai gadin ƙofa, wani mutumin Maraɗi mai suna Yari, ya ga rawanin Alhaji ya rusuna ya gaishe shi. Muna shiga sanyi ya buge mu. Babu mai kiran mai saye, babu mai jan riga, sai wani kiɗa a hankali da ba a ganin inda yake fitowa. Alhaji ya yi sallama da ƙarfi. Babu wanda ya amsa, sai wata mata mai tura keken zuba kaya ta waiwayo ta ci gaba da tafiyarta.

"Rasuwa aka yi musu?" ya tambaya.

"Haka ake yi a nan. Kowa ya ɗauki abin da yake so, ya biya a bakin ƙofa."

"Ba mai tsaro? To ɓarayin Ikko ina suke, suna hutu?"

"Sun ga ka shigo, sun bar maka filin."

Kayan kicin suna hawa na biyu, kuma hanyar zuwa can wata matakala ce mai tafiya da kanta. Alhaji ya tsaya a gindinta yana kallon yadda take fitowa daga ƙasa tana shigewa sama.

"Taka kawai," in ji Bilkis.

"Ba na hawa abin da ba shi da direba."

"Tsoro kake ji."

"Ni? Na hau jirgin Makka tun ana ɗaure akwati da igiya. Ina duba ne ko za ta iya ɗaukar ki, da tuwon da kika ci jiya."

Ta kama hannunsa ta taka, ya bi ta dole. Ya tattare babbar riga zuwa ƙirji, ya rufe ido ɗaya, leɓɓansa suna motsi har muka kai sama.

"Me kake karantawa?"

"Addu'a nake yi wa mutanen da suka ƙera ta, Allah ya ba su aikin yi."

Tukwanen suna kan wani kanta mai fitila a ƙarƙashi. Launinsu kamar na shayin da ba a sa wa madara ba, babba da matsakaita da ƙarama, kowace da murfinta, duk a kwali ɗaya. Kwali ɗaya ne ya rage. Bilkis ta ɗaga babbar da hannu biyu, fuskarta ta canja. Alhaji ya karɓa ya ƙwanƙwasa ta da zobensa, ya leƙa fuskar jikarsa ta cikin gindinta.

"Wannan ai tonon asiri ne. Miji yana daga bakin ƙofa zai ƙirga tsokar da ke ciki. Kakarki sai ta ɗanɗana rabin kaza kafin ta sauke tukunya, ban taɓa kama ta ba. Ke daren farko za a gane halinki."

"Jamaluddeen ba ya ƙirga nama. Ba Bakano ba ne."

"Zai koya. Da gaske ba ta fashewa?"

"Ta fi ka jure zafi."

Ya juya ta, ya sake juyawa. Na lura ta burge shi, ko da yake ba zai faɗa ba. Ya ɗaga hannu ya kira wata yarinya mai rigar ma'aikatan kantin, ya yi mata magana da Yarbanci. Zan kawo abin da suka faɗa da Hausa.

"'Yata, nawa kika sa wa waɗannan?"

Ta nuna masa 'yar takardar da aka manna a jikin kwalin.

"Na ga takarda. Ke nake tambaya. Na ba ki rabin wannan."

"Baba, ba a ragi a nan. Abin da aka rubuta shi ne."

"To ce albarka mana, in ƙara."

"Ba nawa ba ne, Baba. Aiki nake yi."

"Kira mini mai su."

Ta tafi ta zo da wani saurayi mai taye ɗaure a wuya, wanda ta kira oga. Ya saurari Alhaji cikin girmamawa, ya ce shi manaja ne kawai.

"To ina mai kantin?"

"Kamfani ne, Baba. Masu shi suna da yawa, wasu ma ba a ƙasar nan suke ba."

"A cikinsu wa zai ce ya sallama mini?"

"Ba sai an ce ba. Ka biya a ƙasa, inji zai ba ka rasit."

"Inji."

"E, Baba."

Alhaji ya mayar da tukunyar cikin kwalin a hankali, ya rufe, ya kakkaɓe hannuwansa. "Mu tafi."

"Alhaji, kuɗin ne suka yi yawa?"

"Kuɗi suna aljihuna, har da na wasu biyu irinsu. Ba a sayar da su ne. Kaya babu mai su, babu mai tayawa, babu mai sallamawa. Wannan ɗauka ce, a ajiye kuɗi a gudu."

"Duk mutanen nan da kake gani ɗauka suke yi?"

"Su suka sani. Ni ba a haife ni a kanti ba."

"Malam, gaya masa halal ne."

Na ce iyakar sanina malamai ba su hana irin wannan ciniki ba, tunda an bayyana farashi kuma kowa ya yarda.

"Ban ce haram ba ne," in ji Alhaji. "Na ce babu albarka. Malam, kai alli ka sani."

Da Bilkis ta sake magana babu wasa a muryarta. "Kaka, ranar jere 'yan'uwan Baba za su shigo su tambayi abin da ya zo daga Ikko. Umma ta riga ta gaya wa kowa cewa kai za ka yi. Gobe da safe zan tafi."

Shi ma ya sauke murya. "Shi ya sa. Abin da za ki riƙa dafa wa gidanki abinci a ciki, ba zan ɗauko shi kamar tsintuwa ba, babu bakin da ya sa masa albarka. Mu koma wurin Iya Risika."

Ya juya ya nufi matakalar ƙafa da ya hango a lungu. Bilkis ta bi bayansa da kallo, ta dubi kwalin, ta dubi wata mata da ta tsaya tana karanta takardar da ke jikinsa. Sai ta ɗora hannu a kan kwalin.

"Malam, don Allah riƙe mini tsohon nan a waje. Kada ka bari ya hau mota."

A waje Yari ya ba mu bencinsa a inuwar wata bishiyar fulawa. Alhaji ya zauna ya ɓare goro, ya ba mai gadin rabi. Can sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Tukwanen suna da kyau." Na ce suna da kyau. Ya ce, "Uwarta za ta ji haushina."

Ba a daɗe ba sai ga Bilkis ta fito da kwalin a ka, kamar mai tallan Balogun. Kuɗin leshinta ta ba su, har da na motar komawa, kamar yadda na ji daga baya. Ba ta dube mu ba. Ta wuce gabanmu kaɗan, ta shimfiɗa ledar kantin a gefen titi, ta sauke kwalin, ta fito da tukwanen ta jera su, ta gyara mayafi ta zauna a kan dugaduganta.

"Tukwane, tukwanen gilashi. A zo a gani, gani kyauta ne."

Alhaji ya daina tauna. "Me wannan yarinyar take yi?"

"Kasuwa nake ci, Baba. Kayana ne, da gumina na saya. In kana so ka taya, in ba ka so ka matsa, kana tare mini masu saye."

Ya dube ta, ya dube ni. Gefen bakinsa ya motsa, ya danne. Ya miƙe, ya gyara rawani, ya tako a hankali da hannuwa a baya, kamar wanda hanya ce kawai ta biyo da shi.

"Sannu da rana, mai kaya."

"Sannu, Alhaji. Ina iyali?"

"Lafiya, sai wata jika da ta addabe ni. Daga ina kayan?"

"Daga jirgi aka sauke su ɗazu."

Ya tsuguna ya ɗauki ƙaramar. "Wannan ta tsage."

"Idonka ne ya tsage."

"Ba a zagin mai saye."

"Ba a yi wa kaya ƙazafi."

"Launin ma ya dafe. An taɓa dafa wani abu a ciki. To, saboda Allah, don kada ki wuni a rana, na ba ki rabin abin da ke jikin kwalin."

"Albarka."

"Na ƙara miki kuɗin ruwan sanyi."

"Albarka. Ka sha ruwanka."

"Kashi biyu cikin uku. Ban taɓa yi wa Bazazzagi irin wannan tayin ba."

"Albarka."

Yari ya matso da bencinsa. Wasu 'yan canji biyu da ke tsaye a bakin titi suka daina kiran masu wucewa suka juyo.

"To shi ke nan," in ji Alhaji. "Abin da suka rubuta, cif. Ba ki ci ba, ba ki faɗi ba."

"Albarka."

"Kamar yaya albarka? Ga takarda a jiki."

"Takardar kanti ce. Kantin yana bayanka, shiga ka saya. Af, na manta, sun ƙare. Duk Tsibirin nan ni kaɗai ke da su."

"Wannan zalunci ne."

"Su a cikin sanyi suke sayarwa, ni a rana. Su ba su gaishe ka ba, ni na tambayi iyalinka. Duk wannan kyauta kake so?"

Alhaji ya ajiye tukunyar, ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Allah ya kawo kasuwa. Malam, mu tafi." Ya kama hanya, yana tafiya a hankali, kunnensa a baya. Ya wuce 'yan canjin. Ya kai bakin titi. Bilkis ta ɗauki murfi tana goge shi da gefen mayafi tana 'yar waƙa. Ya tsaya kamar yana duba lambar wata danfo. Ya yi tari. Ba ta ɗaga kai ba.

Sai ga matar nan da muka bari a sama tana karanta takardar kwalin, ta fito daga kantin, ta ga tukwanen a ƙasa, ta tsaya ta tambayi Bilkis da Turanci ko na sayarwa ne.

Ban taɓa ganin Alhaji Sale ya yi sauri irin na ranar ba. Kafin Bilkis ta buɗe baki ya iso, ya shiga tsakaninsu, ya gaya wa matar da Yarbanci cewa ana cikin ciniki, kuma ba a shiga cinikin wani. Matar ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta tafi tana girgiza kai.

"Ba ki kira ni ba," ya ce yana haki.

"Na ga kana sauri, na ce ko la'asar za ka."

"Mai kaya yana kiran mai saye. Haka aka gada."

"Mai kayan da ke tsoron kwantai. Ni ka ga masu so suna layi."

"Wa ya koya miki wannan mugun ciniki?"

"A jini yake. Ta wajen uwa."

'Yan canjin suka fashe da dariya. Alhaji ya harare su, ya sake tsugunawa, ya yi ƙasa da murya kamar yadda yake yi da manyan dillalai.

"Kuɗin kanti, da kuɗin motarki zuwa Zariya."

"Albarka."

"Da abin da za ki ci a hanya."

"Ka kusa."

"Da leshin nan mai ruwan zuma da kika tsaya kina shafawa kamar kyanwa. Wallahi daga nan ko kwabo ba zan ƙara ba, ko da za ki kwana a titin nan."

Ta dubi tukwanen ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jin zafin rabuwa da su. Ta yi ajiyar zuciya.

"Don dai kai ne, kuma don tsufanka. Na sallama."

"Allah ya ba mu alheri."

"Amin."

Ya zura hannu cikin aljihun 'yar ciki ya biya ta a gaban shaidu. Ta mayar da tukwanen cikin kwali ta miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa ya rungume shi a ƙirji, ya tsaya haka ɗan lokaci, domin kowa ya ga cewa kayan sun zama nasa.

"Saura gyara," in ji shi.

"Gyara kuma? Bayan ka karya ni?"

"Ba a tashi ciniki babu gyara."

"To ranar da ka zo Zariya, miyar farko da za a yi a babbar, kai za a fara zuba wa. Kafin Jamaluddeen."

"Da tsoka nawa?"

"Ka ƙirga da kanka daga bakin ƙofa."

Dariyar da yake dannewa tun ɗazu ta ƙwace masa, har rawaninsa ya zame, Yari ya tare masa shi. Da ya samu numfashi, sai ya ɗora mata kwalin a hannu, ya dafa shi.

"Ungo, amarya. Daga kakanki, sayen hannu da hannu, Allah ya sa albarka a abin da za a dafa. In 'yan'uwan babanki suka tambaya, ki ce a Ikko na saye su, a bakin titi, a hannun wata 'yar kasuwa marar imani."